Alama ta Huɗu a Gefen Agogo

Kafin ku taru a kaina a wajen sharhi, bari in faɗi laifina da bakina. Na ɗauki kwamfutata, na haɗa da kalmar sirrina, na miƙa wa namiji, don kawai kowa a gidanmu yana ce masa Injiniya. Shekarata ashirin da bakwai, na yi karatuna, ina aiki a teburin karɓar baƙi na wani asibitin haƙori, kuma ni ce mai yi wa tsofaffi gargaɗi kada su ba kowa lambar katinsu. To ga ni nan. Ku zage ni a hankali, don ban ma fara ba ku labarin ba.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, ni ce auta a gidanmu, ni kaɗai kuma na rage. Yayyena mata uku duk suna ɗakunansu. Hotunan aurensu na jere a bangon falo, sai ƙusa ta huɗu da Umma ta sa aka kafa tun bara, babu komai a jikinta. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambayi me za a rataya a wurin, Umma kuma sai ta sauke ajiyar zuciya ta dube ni. Abba babu ruwansa, da an ɗauko maganar zai ƙara sautin rediyo. Gwaggo, ƙanwar Abba, ita ce ta riƙe abin kamar kwangila aka ba ta. Ita ta kawo Injiniya, ɗan wata ƙawarta.

Dogo ne, ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kyau daidai gwargwado. Gemu a gyare kamar da ma'auni aka yanke, agogo mai faɗin murfin kwalba, wayoyi biyu da yake kifewa a kan tebur da zarar ya zauna, da turaren da ke kwana uku a labulen falo. Har yau ban san injiniyan mene ne ba. Sau biyu ina tambayarsa, yana ce min harkar sistem ce, ba zan gane ba. Gwaggo kuwa ta tabbatar wa Umma cewa akwai manyan kamfanonin da kwamfutocinsu ba sa tashi da safe sai ya sa hannu.

Zuwansa na uku ya tarar da ni a teburin cin abinci ina fama da laftof ɗina. Tsohuwa ce, tun ta makaranta, in na kunna ta sai na haɗa shayi na sha rabi kafin ta farka. Ya saurari ƙarar fankarta, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Ya ce zai share komai ya zuba mata sabon tsari mara nauyi, za ta koma kamar yau aka ɓare ta daga kwali. Na fara cewa a'a, akwai kayan aiki a ciki. Umma ta leƙo daga ƙofar kicin da ludayi a hannu ta ce in ba shi mana, mutum yana son ya taimake ni ina wani jan aji. Na rubuta masa kalmar sirrin a bayan wata takardar magani, ya tafi da ita.

Bayan kwana biyu ya dawo da ita, kuma gaskiya ta yi sauri. Ya mayar min da takarduna da manhajojina duka. Abin da ya ƙara kawai, a iya ganina, shi ne hoton motarsa da ya sa a fuskar allon, an ɗauke ta daga ƙasa don ta yi girma.

Bari in yi muku bayanin aikina kaɗan, don a nan matsalar take. Kwamfutar asibitin ta hoton haƙori ce, Likita ba ya son a taɓa ta, saboda haka da tawa nake karɓar saƙonni. A can ƙasan allon, ta hannun dama, gefen agogo, akwai wasu 'yan alamomi uku da rayuwata ta rataya a kansu. Ta farko ambulan ce, ta saƙonnin marasa lafiya, da saƙo ya shigo sai ta yi ja ta nuna adadinsu. Ta biyu gajimare ne, ita ke tura jadawalin ganin Likita zuwa wayarsa. Ta uku ƙararrawa, tana tuna min in kira wanda ke da layi gobe. Ba na kunna su. Da na buga kalmar sirri na shiga, da kansu suke tashi su jeru a wurin.

Ran Litinin na buɗe kwamfutar a wajen aiki, gefen agogo wayam. Batir ne kawai da alamar sauti. Na danna manhajar saƙonnin don in buɗe ta da hannu, ta ce ai tana aiki tuni. Tana aiki a ina? Babu ita babu dalilinta. Na kashe na kunna. Na fita na sake shiga. Sau ɗaya a cikin biyar gajimaren zai fito shi kaɗai, kamar wanda ya ɓata hanya, washegari ya sake ɓacewa.

Na tura wa Injiniya saƙo: "Alamomin gefen agogo ba sa fitowa."

Ya amsa nan take: "Haka sabon tsarin yake, Gimbiya. Tsaf-tsaf, babu tarkace."

"To yaya zan san saƙo ya shigo?"

"Zuciyarki za ta faɗa miki."

Ya haɗa da hoton fure uku. Ni kuma, Allah ya yafe min, murmushi na yi. Na samo wata doguwar hanya ta duba saƙonnin ta shafin intanet, na ce zan riƙa leƙawa duk bayan awa ɗaya har a gyara.

Dalilin murmushin nan shi ne abin da ya fi ba ni kunya, amma tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku ba, ga shi. A makonnin nan Injiniya ya zama wani irin mutum. Wata ran Litinin da rana, lokacin hutu, na tsaya ina kallon wata jaka ruwan zuma a shafin wani kanti, mai siririn madauri da maɓalli kamar ganye. Na kalle ta, na rufe, na ci gaba da aikina. Ran Alhamis sai ga shi da ita a cikin farar takarda. Wata rana na rubuta wa ƙawata a kwamfutar cewa kaina kamar zai rabe. Da yamma sai ga shi da magani da lemon kwali, ya ce haka kawai ya ji a jikinsa ba ni da lafiya. Na taɓa duba yadda ake rainon wata 'yar shuka ta cikin ɗaki, sai ga ta a tukunya, har da ɗan ƙyalle a wuyanta.

Gwaggo ta ce ita tunda take ba ta taɓa ganin jinin mutum biyu ya haɗu haka ba. Umma kuwa sai ta riƙa 'yar waƙa a kicin. Ni kuma na fara sauya mayafi sau uku kafin in fito falo. Doguwar rigata ruwan hanta, wadda nake ajiyewa don taron mutunci, sau biyu na sa masa ita. A wayata sunansa ya tashi daga Ɗan Ƙawar Gwaggo ya koma Injiniya, daga baya na liƙa masa 'yar zuciya a gefe. Na ce a raina, to ko ba ya iya bayanin aikinsa, ai mutumin da ke lura da ke haka ba a samunsa a kan titi.

Mako biyar muna a haka. Dubawar nan ta duk bayan awa ɗaya ta koma sau biyu a rana, ranar da aiki ya yi yawa kuma ta koma babu.

Ran Laraba da safe, ɗakin jira a cike, injin Likita yana kukansa a ciki, sai wani bawan Allah ya turo ƙofa. Direban babbar mota ne, kuncinsa na hagu a kumbure kamar ya ɓoye lemo a ciki, idonsa ɗaya har ya ƙanƙance. Bai yi min ihu ba, bakin ma ba ya buɗuwa. Wayarsa kawai ya ɗora a kan teburina. Saƙo huɗu tun ran Lahadi, yana roƙon a ba shi lokaci ko na minti goma ne, kuma kowanne da alamar ya isa. Manhajar tana karɓa tana ajiyewa a ɓoye, ni kuma ina zaune ina goge jakata ruwan zuma.

Likita ya fito daidai lokacin. Dattijo ne mara yawan magana, shi ya sa in ya yi take zafi. Ya karanta saƙonnin, ya ce in buɗe akwatin duka a gabansa. Guda goma sha bakwai. A ciki har da na wata mata da ta soke layinta na ran Litinin, wato kujerar Likita ta yi awa guda babu kowa a kanta alhali mutumin nan yana can yana juyi a cikin motarsa. Likita ya cire safar hannunsa yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya jefa a kwando.

"Ciwon haƙori ba ya jiran kwamfutarki," ya ce. "In aka sake, zan nemi wanda zai zauna a teburin nan."

Ya kama hannun direban ya shige da shi. Mutanen ɗakin jiran duk suka mai da idonsu kan akwatin kifin da ke kusurwa, kamar yau suka fara ganin kifi.

Da na koma gida na faɗa, Umma ta ce dama aikin nan wahalarsa ta fi amfaninsa, ta ɗauki waya ta kira Gwaggo, Gwaggo ta kira Injiniya. Kafin magariba duk sun hallara a falo. Ya naɗe hannun riga, ya cire agogon ya ajiye a gefen wayoyinsa, ya buɗe wata baƙar taga a allon ya riƙa zuba mata farin rubutu. Gwaggo ta matso da kujerarta tana kallo baki buɗe, tana taɓa Umma tana cewa ta ga ilimi. Ya kashe ya kunna sau uku. Ya mayar da layin ƙasan allon, inda agogo yake, shuɗi. Ya ƙara wa agogon girma har ana iya ganinsa daga ƙofar gida. Gefen agogon dai yana nan wayam.

Daga ƙarshe ya jingina da kujera ya yanke hukunci cewa injin ne ya tsufa, babu abin da za a iya yi. Ya kurɓi shayi, ya ƙara da cewa shi dai a tsarinsa, matarsa ba za ta zauna a tebur wani yana ɗaga mata murya a kan ruɓaɓɓun haƙoran mutane ba. Gwaggo ta ce magana ke nan ta mai hankali. Umma ta gyaɗa kai tana kallon kafet. Ni na tattara kofuna na kai kicin, na daɗe ina wanke guda ɗaya.

Washegari Alhamis, ranar zuwan Anti Waya. Ita ce mai duba kwamfutar hoton haƙori duk wata. Gajera ce, za ta haura hamsin, tabarau rataye da igiya a wuya, takalmin maza, da wata baƙar jaka da wayoyin lantarki ke leƙowa ta kowane aljihu, shi ya sa aka sa mata sunan. Gaisuwarta ba ta wuce kalma biyu. Na jira ta gama aikinta, na tare ta da shayi da biskit, na roƙe ta ta duba min.

Tambaya uku ta yi. Yaushe abin ya fara? Wa ya zuba tsarin? In na kashe manhajar gaba ɗaya na sake buɗe ta da hannu, alamar tana fitowa? Ta ukun ban taɓa gwadawa ba, don ban san yadda ake kashe abin da ba a gani ba. Ta buɗe wani jeri mai nuna duk abin da ke aiki a cikin kwamfutar, ta nuna min su da farce, suna nan da ransu. Ta kashe ta saƙonnin, ta sake buɗe ta, sai ga ambulan ta fito ras a gefen agogo. Saura kaɗan in rungume ta.

Ta ce in dakata da murna, gobe ma haka za ta ɓace. Ta yi min bayani cewa da na buga kalmar sirri, komai tashi yake a lokaci guda, kuma manhajojin nan sun fi layin ƙasan saurin tashi. Su zo neman wurin zama su tarar ba a jera kujeru ba tukuna, sai su haƙura su ci gaba da aikinsu a tsaye inda ba a ganinsu, ba kuma sa sake komawa su duba. Maganin shi ne a ce musu su ɗan jira. Na ce mata an ce min injin ne ya tsufa. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce wanda ya faɗa min haka, da me yake cin abinci?

Ta buɗe jerin manhajojin da ke tashi da kansu. Suna huɗu ne a ciki, uku nawa, na huɗun an rubuta masa "taimako" da ƙananan baƙaƙe. Ta ce wataƙila na tsarin ne, ta bi su duka ta sa wa kowanne umarnin ya jira daƙiƙa ashirin kafin ya tashi. Aikin bai kai minti uku ba. Ta kashe, ta kunna, na buga kalmar sirri, muka zuba ido. Motar Injiniya ta bayyana, layin shuɗi ya bayyana, ƙaton agogo ya bayyana. Anti Waya tana tsoma biskit a shayi, ni ina ƙirge a zuci.

Ambulan ta fito, ja, da lamba shida a kanta. Gajimare ya biyo. Ƙararrawa ta biyo. Na buɗe baki zan yi godiya, sai ta huɗu ta fito. Wasu 'yan allo biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, da ɗigon kore a jikinsu yana ƙiftawa.

Anti Waya ta ajiye biskit ɗin. Ta kai kibiyar kan alamar, wani ɗan rubutu ya fito. Ta katse intanet ɗin, ɗigon ya mutu.

"Yanzun nan akwai mai kallon allonki," ta ce.

Ta ce manhaja ce ta ganin allon wani daga nesa, masu gyara na amfani da ita, ita ma tana da irinta. Waɗanda suka yi ta da gangan suka sa ta riƙa nuna alama, don mai kwamfuta ya san ana ganinsa. Wanda ya dasa min ita bai ma san yadda ake ɓoye ta ba, iyakar dabararsa sauya mata suna. Matsalar da ta haɗiye alamomina uku ita ta haɗiye tasa, da ya ga haka kuma ya yi hamdala ya bar ta. Na tambaye ta, to jiya da ya zo gyara, kasawa ya yi ko ƙi ya yi? Ta ce a ganinta duka biyun, ko ɓarnar ma bai iya ba, sa'a ce ta rufa masa asiri.

Jakar tana nan a kan teburin, maɓallinta yana ƙyalli. Na dube ta, na tuna magani, na tuna shukar da nake ba ruwa kowace safiya har ina yi mata magana. Mako biyar. Duk hirata da ƙawata, har wadda na ce mata ina ganin na fara son mutumin nan. Duk abin da mace ke tambayar intanet don tana kunyar tambayar mutum.

Anti Waya ba ta tsaya lallashi ba. Ta ce kunyata tawa ce, amma sunayen marasa lafiya da lambobinsu da ciwonsu ba nawa ba ne, kuma wani ya yi mako biyar yana ganinsu. A take ta cire manhajojin asibitin uku daga kwamfutar, ta sauya kalmomin sirri, ta mayar da aikin kan wata tsohuwar kwamfuta da ta jawo daga sito. Ta ce dole Likita ya sani. Da ta kai hannu za ta goge ta huɗun, na riƙe ta, na ce ta bar min ita zuwa gobe. Ta ce ƙarfe takwas na safe za ta shiga wajen Likita, in ina da wayo in riga ta shiga.

Tana fita wayata ta yi ƙara, saƙon Injiniya ne. "Gimbiya, ya aiki? Kin ci abinci?"

Na rubuta: "Lafiya lau." Na zazzage kayan jakar a leda, na cusa jakar a durowar ƙasa wajen tsofaffin fayil.

Bayan la'asar na isa gida. Umma tana falo tana ninke wanki, tabarau a goshi, wayarta a kan hannun kujera. Ta dubi ledar ta tambayi ina jakar, na ce madaurin ne ya tsinke. Ta ce kayan yanzu ke nan. Na wuce ɗakina, na tura ƙofa, na ture shukar daga kan tebur zuwa bayan labule, na ajiye kwamfutar. Ko mayafi ban cire ba.

A hanya na tsara masa jawabi kala-kala, wani da zagi, wani da wa'azi, wani da sunan hukuma a ciki. Da na zauna duk sai na ga sun yi masa yawa. Na kunna, na jira daƙiƙa ashirin, alamar ta fito ita kaɗai a gefen agogo, ɗigon a mace. Na buɗe farin shafi, na ƙara girman rubutu har ƙarshe, na harɗe hannu. Minti goma, sha biyar. Na ce a raina, Injiniya, yau kamfanonin sun riƙe ka ne? Sai ɗigon ya kama, kore.

Na rubuta: NA GAN KA.

Na ɗora wayata a gabana ina jiran kiransa. Na ma shirya muryar da zan amsa da ita, mai sanyi, irin ta Likita. Wayar ba ta yi ƙara ba. Abin da na ji shi ne takun silifa a baranda, ana jan ƙafar hagu kaɗan. Ƙofar ta buɗe babu sallama.

Umma ce. Tabarau ya sauko kan hanci, waya a hannunta, ta juyo min da fuskarta. Farin shafina ne a ciki, ɗan ƙarami, da kalmomina uku.

"Gyara rubutunki," ta ce. "Ki za ki sa, ba ka ba."

Ita ta mayar da ƙofar ta rufe, ta kawar da kayan da ke bakin gado ta zauna, ta gyara zaninta kamar hira ta zo yi. Ta ce ita ta sa Injiniya ya dasa manhajar, shi ko a wayarsa babu. Ta ce yaron nan in aka bar shi da hankalinsa cajar waya zai riƙa kawo min a matsayin kyauta, dole wani ya riƙa nuna masa hanya. Jaka, magani, shuka, duk ita ce. Ko launin jakar sai da ta maimaita masa sau uku, ya so ya sayo baƙa.

Wato mutumin da na yi mako biyar ina jin ya san zuciyata, uwata ce. Da ita nake soyayya.

Na ce mata, ta san gobe za a iya korata? Ta san sunayen mutane nawa ta gani, mutanen da suka ba mu amanar ciwonsu? Ta ce ita ina ruwanta da haƙoran mutane, ko karantawa ba ta yi, aikin kuma dama bari zan yi. Ta ce ita ta haife ni, ta yi min wanka, ta san kowane tabo a jikina, yanzu don na sayi allo mai madanni sai in ce ina da sirri? 'Ya mace ta kai shekarata tana rufe ƙofa tana murmushi ita kaɗai, uwa ba za ta duba ba?

Sannan ta cire tabarau ta ninke, ta ce ba wannan ya kawo ta ba. Maganar takardar ran Talata ce.

Jama'a, wannan ko ku ban faɗa muku ba. Wata huɗu da suka wuce na nemi gurbin karatun ƙera haƙoran roba, shekara biyu, a wani gari mai nisan kwana guda a mota. Ban sa rai ba. Makon jiya suka ba ni, ran Talata kuma na cike takardar amincewa na tura, a kan kwamfutar nan. Na so sai na samu ranar da Abba ke cikin walwala in same shi ni kaɗai, don na san bai taɓa barin 'yarsa ta kwana a wani gari ba, kuma in ya ji a bakin wani cewa na sa hannu ban tambaye shi ba, maganar ta mutu.

Umma ta ce zaɓi biyu ne. Ko dai ran Asabar in ba Injiniya amsar maganar aure da ake jira, ita kuma ta manta ta taɓa ganin wata takarda, in ya so daga baya a san yadda za a yi da makarantar cikin rufin asiri. Ko kuma yanzu da Abba ya shigo ta faɗa masa cewa autarsa ta shirya barin gida a ɓoye. Ta faɗe shi a hankali, har da ɗan tausayi, tana shafa zanin gadona tana miƙar da shi.

Na dubi wayar da ke cinyarta. Shafina yana nan a ciki har yanzu.

"Umma," na ce, "in ya tambaye ki a ina kika gani, me za ki ce masa?"

Hannunta ya tsaya a kan zanin gadon. Ta san in Abba ya ji ita ta sa ɗan wani ya dasa wa 'yarsa abin leƙe, ita ma ba za ta sha ba. Ta kife wayar a hankali.

Daga waje muka ji ƙarar ƙofar gida, da muryar Abba yana sallama, yana tambayar ina mutanen gidan suka shige. Takunsa ya biyo baranda, ya tsaya daidai ƙofata. Ya ƙwanƙwasa sau biyu, don shi kaɗai ne mai ƙwanƙwasawa a gidan nan.

"Auta, Ummanku tana nan?"

Muka dubi juna, ni da ita. Na miƙe na kama hannun ƙofar.